Rahoton da Na Rubuta a Kan Mushe Isufu

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Mushe Isufu ("mushe" muke kiran malamin boko a nan), abokina tun muna makarantar horon malamai. A shekarun farin nan na zamanin soja, ni ne darakta a wata ƙaramar lakkol, wato makarantar boko, kusa da Gidan Amumune a ƙasar Mayahi, shi kuma yana riƙe da ajin 'yan shekara shida.

Isufu ba ya son jin yara suna rera lissafi kamar waƙa. Sai ya fitar da su gindin gawo, ya cika gwangwani biyu da yashi, su yarda daidai suke, sannan ya juye ɗaya cikin siririyar kwalba ya tambaye su wanne ya fi yawa. Kusan duka kwalbar suke nunawa. Ba ya gyara musu. Sai ya bar su su juye, su mayar, su yi ta gardama. Wani sai ya yi wata uku kafin ya gane da kansa.

Na ce masa, "Isufu, faɗa musu amsa mana, lokaci na tafiya."

Ya ce, "Darakta, in na faɗi, bakinsu za ya ɗauka, ba kansu ba. Ɗan shekara shida da ido yake awo. Bari hannunshi ya koya mishi."

Ranar da mai duba makarantu ya zo, ya tarar da aji wayam, yara a cikin yashi. Ya dube ni ya ce wa ya ba da izini. A lokacin takarda ɗaya ta isa ta raba mutum da kujerarsa, ga rumbuna ba komai. Na rubuta cewa Isufu wasan ƙasa yake yi da 'ya'yan mutane. Aka cilla shi wani ƙauye bayan Maijirgi, ba a ƙara ba shi ajin ƙanana ba. Duk sanda muka haɗu a kasuwar Tasawa, shi ke fara miƙo mini hannu, kuma har ya koma ga Allah ban iya tayar da zancen ba.

Kwanan baya jikata Hadiza, da ke koyon malanta, ta zauna tana yi mini bayani: wai hankalin yaro hawa-hawa yake girma, yaro ne ke gina saninsa, malami kayan aiki kawai yake shirya masa. Har da gwangwani da kwalba ta ɗauko. Ina ta gyaɗa kai, kunya kamar in nutse.

Da Isufu na nan, na san dariya zai yi, sannan ya tambaya ko malaman yau, da aji cike maƙil, suna samun haƙurin jiran yaro ɗaya.

Bai bar littafi ba. Ya bar magidanta a Mayahi waɗanda ba sa yarda da magana sai sun gwada da hannunsu. Ni kuwa abin da na bari a kansa takardar nan ce, kuma ba ni da ikon janye ta. Shi ya sa nake faɗa a nan, inda kowa zai karanta: Isufu koyarwa yake yi, ni ne na ji tsoro.