Hannun Malam da Wasiyyar Kwamfuta

Malam, maigidana, shi ya jawo mana wannan tafiya, kuma na faɗa masa ido da ido. Kwamfutar da ke sarrafa keken surfanina ta koyi suma. Ana tsakiyar aiki sai allo ya yi baƙi, rubutu ya zubo, allura ta kafe a wuyan shaddar mutane. Kafin in saka tabarau, ni da na koyi karatu da furfura, Malam ya fizge wayar wuta daga bango. Ga Sallah ta matso.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Briqueterie, mahauta ba su ko wasa wuƙa ba, muka nufi Douala wurin 'yarmu da ta karanci kwamfuta. Malam ya naɗe marar lafiyar a bargo, ya ɗora a cinya tun daga tashar Mvan. Kwandasta ya nemi kuɗin kaya, na ce yaushe aka fara biya wa goyo? A garin Boumnyebel, kan hanya, na sayi gasasshiyar agada, tsada kamar da zinariya aka gasa ta. Duk ramin da mota ta faɗa sai Malam ya yi salati ya shafa bargon. Ni ko sannu.

Douala zafi da gumi. Kwamfuta kuwa ta ƙi suma, kamar yaro a gaban likita.

Yarinyar ta ce, "Mama, me take rubutawa in ta faɗi?"

Na nuna ubanta da baki.

"Haba Baba! Rubutun nan wasiyya ce. Kana binne ta ba ta gama magana ba."

Ya ce, "Ni gobara nake jiye wa uwarki."

Yarinyar ta keɓe wani lungu a ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta zaunar da ƙaramar manhaja. In babbar, wadda suke kira kernel, ta faɗi, ƙaramar za ta farka ta kwashe abin da ke ƙwaƙwalwar ta adana, mu tura wa yarinyar ta gano ciwon. Sharaɗi dai: kar a taɓa wayar wuta, a ɗauki hoton allo, a jira ta tashi da kanta.

Muka dawo gida ƙafafu a kumbure. Abin da hanya ta koya mini, wani taimakon tsayawa ne ka saurara, kuma mutumin da ya rungumi injinka har Douala ba a yi masa tsawa sau biyu.

Washegari na tura durowar zare ta toshe soket, na ajiye kujerar Malam a gaban allo, na danƙa masa wayata ta hannu. Na ce, "Tunda hannunka da sauri, kai ne mai hoto."