Kunnen Ermete

A garinmu, in ka ce wane ya iya waƙa, tambayar farko da za a yi maka ita ce, "Ermete ya ji shi?" In ka ce a'a, sai a ce to bari tukuna.

Ba wai malamin kiɗa ba ne. Ko usur bai taɓa busawa ba. Sana'arsa ƙwanƙwasa cuku. A manyan rumbunan da ake jera curin cukun nan namu na ƙasar Parma, kowane curi ya kai gindin turmi, shi ne ke bi da 'yar guduma yana bugun su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya karkata kai, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau, wancan kuwa akwai kogo a cikinsa. Ba ya yankawa, ba ya lasawa. Da wannan kunne ya ci abinci har ya tsufa, da shi kuma ya hana mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, sakat.

Gidan wasanmu hawa-hawa ne. Masu hannu da shuni suna ƙasa kan kujerun karammiski. Mu kuwa muna can ƙoli dab da rufi, kan benci, inda zafi da warin tafarnuwa ke taruwa. 'Yan ƙoli ake ce mana, kuma kaf Italiya an san bakinmu. Mawaƙi ya yi abin kirki, mu yi ta tafi har hannu ya yi ja. Ya kuskura ya kauce, mu yi masa fito har ya manta hanyar fita. Daga can sama ba abin da kake gani sai sanƙon makaɗa da rabin dandamali, don haka tun kaka da kakanni 'yan ƙoli suka mai da rashi ado: da an ɗaga labule sai a rufe ido. Ermete ya fi kowa riƙe wannan al'ada. In ka ce masa ai gani ya kori ji, sai ya ce, "Wannan zancen masu kujera ne. Ka sa wa mace riga mai ƙyalli, sai ido ya rantse ta iya waƙa."

Fiton nan ne ma ya samo masa mata. Nives ɗinkin huluna take yi, amma in lokacin wasanni ya zo takan fito a wasannin ban dariya, kullum a matsayin 'yar aikin gida, mai shiga da tire ta fita da gulma. Ba a taɓa rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a ƙofar gidan wasa ba. Wata rana ta ja murya sama ba ta kai ba, Ermete ya sa yatsu a baki ya tsala fito. Ana sauke labule sai ga ta, ta hau matakalar nan duka da kayan wasa a jikinta, tana haki.

"Wane ne mai fiton?"

Kowa ya nuna shi, don 'yan ƙoli ba su iya rufin asiri ba.

"To, sarkin kunne, sauko ka nuna mini yadda ake yi."

Bai sauka ya nuna ba, amma ya raka ta gida. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura musu aure a cocin unguwarsu.

Hali zanen dutse, aure bai sa ya sassauta mata ba. Tana murza taliya tana waƙa, shi yana daga ɗaki yana cewa ta yi gaggawa, ta ja, ta sauka. Ita kuma ta wurgo masa tsumma. Haka suka yi zamansu. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa shiga tsakaninsu sulhu. Duk ranar da za ta fito, yana can ƙoli a gurbinsa, ido a rufe. Yakan ji gidan ya kece da dariya in ta shigo, amma bai taɓa buɗe ido ya ga dalili ba.

Wani lokacin sanyi, da hazon kogi ya rufe gari, ciwon ƙirji ya kama Nives. Kafin itatuwa su yi fure an kai ta makwancinta.

Mutane sun ɗauka kaɗaici ne ke ramar da shi. Akwai kaɗaicin, amma abin da ke cin sa daban ne: muryarta ta ɓace masa. Mutumin da zai kwaikwaya maka yadda wani mawaƙi da ya mutu tun muna yara yake karya murya, yau ya nemi ta matarsa ya rasa. Yana tuna abin da take faɗa, kalma-kalma, amma a cikin kansa da tasa muryar yake jin su. Yakan zauna a kicin ya rufe ido ya karkata kai, kamar yadda yake yi wa cuku, ba ya jin komai sai ɗigar famfo. Ga shi ba faifai, don wa zai ɓata lokaci ya naɗi muryar 'yar aiki? Yana kewarta har yana jin kunyar kansa, yana ganin kamar ya sake binne ta da hannunsa. Mutum ɗaya ya gaya wa, amininsa Oreste, tsohon mai aski.

Oreste ne shugaban 'yar ƙungiyarmu. Da matakala ta fi ƙarfin gwiwoyinmu, sai muka koma taruwa ran Lahadi bayan abincin rana a ɗakin baya na shagon gahawar Zelinda, wadda ta yi waƙar amshi tare da Nives a ƙuruciya. Mukan sa fim ɗin wani wasa, in ya ƙare a yanke masa hukunci gida uku: waƙa, tsarin dandamali, da sauti. Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, a yi ta musu, sannan a juya ga Ermete, wanda duk tsawon fim ɗin yana zaune gaban allo ido a rufe.

Wata Laraba Oreste ya faɗo gidan Ermete ko ƙwanƙwasa ƙofa bai yi ba.

"Kai tsoho, zauna kar ka faɗi. Ka tuna masu fim ɗin nan da suka zo daga Roma wata bazara, suka rufe gidan wasa suka hana mu shiga?"

"Masu wasan ɓauren?"

"Su! An tsinci fim ɗin a wani sito, an juye shi a faifai. Yana aljihuna. Nives tana ciki, Ermete."

Ermete ya tashi ya wanke kofin da yake a wanke. Daga ranar har Lahadi ya toshe kunne da auduga in zai fita, wai kar ƙarar motoci ta dakusar masa da ji.

Ran Lahadi ya zo da kwat ɗinsa ta coci. Zelinda ta kawo masa gahawa, ta kasa haɗa ido da shi. Aka ja labulen taga, Oreste ya kunna.

Wasan na maƙwabta biyu ne, tsofaffi, masu rigima kan itacen ɓaure da ya tsiro a gidan ɗaya ya miƙa rassa gidan ɗaya. Kowa na zargin ɗan'uwansa da satar 'ya'yan, alhali 'yar aiki ce ke cinyewa. Makaɗa suka fara, Ermete ya rufe ido. Maƙwabci na farko, mai babbar murya, ya shigo, Ermete ya ɗan gyaɗa kai. Na biyun ya shigo, ya yatsina fuska. Sannan gogen ya sauya zuwa wani ɗan kiɗa mai tsalle-tsalle wanda ya sani sarai. Ya damƙe gwiwoyinsa.

Murya ta fito, tas, mai zaƙi, ta hau sama ba ko gargada. Wani daga baya ya ce, "Kai! Ashe haka Nives ta iya muka raina ta?"

Ermete ya saurara har layi na biyu. Sai ya sa yatsu a baki, ya tsala fiton da ya sa kofuna suka yi ƙara.

"Tsayar! Oreste, tsayar da abin nan! Wa kuka kawo mini?"

"Haba ɗan'uwa, buɗe ido mana. Ga ta nan tsaye, ita ce."

"Ko uwarta ce tsaye, ba ita ke waƙa ba! Wannan 'yar makarantar waƙa ce, ta ƙoshi, ba ta taɓa hawa matakala ba. Ku ji sautin ma, a ɗaki aka naɗe shi, ba katako ba ƙura. Ina ƙarar takalma? Ina amsawar rufinmu?"

Zelinda ce ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Gaskiyarka, mijin ƙawata. Haka masu fim suke yi a lokacin. Manyan an bar musu muryarsu. Mu ƙanana aka ce mu yi ta waƙa, in sun koma Roma sai su ɗora ta wasu a bakinmu."

"Kin sani kika bar ni na zo da kwat?"

"Na ɗauka kunnenka ya tsufa. Na ce ko ta aro ce, ai ta fi babu."

"Ita fa? Ta sani?"

"Ta sani. A bayan labule ta yi kukanta, ta wanke fuska ta tafi gida dafa maka abinci."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

Zelinda ta faɗa, don ita ba ta iya ɓoye magana sau biyu ba. "Ta ce in ka ji, za ka ce sun yi daidai."

Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Ermete ya sunkuyar da kai. Oreste ya miƙa hannu zai cire faifan, yana tsine wa mutanen Roma da duk danginsu.

"Bar shi," in ji Ermete. "Mayar baya. Amma kashe sautin."

Ya buɗe ido. Ga Nives a allo, matashiya, ba launi sai fari da baƙi, tana tsaye tsakanin tsofaffin biyu da fuskar salihai. Wannan ya juya, ta zaro ɓaure daga aljihu ta cusa a baki. Wancan ya juyo, ta haɗiye da ƙyar, ta ɗaga ido sama tana nuna masa tsuntsaye. Ta taka ƙafar ɗaya, ta ba ɗayan haƙuri. Kafaɗunta kaɗai sun isa su kashe mutum da dariya. Mu duka muka fashe, har Oreste na share hawaye. Ermete ma ya yi dariya, irin wadda ke fita da ciwo. Ashe abin da gidan wasa ke wa dariya ke nan duk shekarun nan.

Amma bakinta na motsi, ba abin da ke fita. Wannan ya fi komai zafi. Ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya karkata kai, kamar in ya matsa sosai zai ji.

Zelinda ta kasa jurewa. Ta san waƙar tun suna 'yan mata, sai ta fara rerawa a hankali, tana bin leɓen ƙawarta, da muryarta da taba da shekaru suka cinye. Ta yi layin farko, ta shiga na biyu, ta tsaya ta ja numfashi.

"A'a!" Ermete ya buga tebur. "A'a, Zelinda, kin ɓata! Wa ya ce miki a nan take numfashi? Ba ta tsayawa, wucewa take yi, shi ya sa in ta kai sama numfashin ya ƙare mata, muryar ta ɗan dushe, ta karkace kamar mai shirin yin dariya, sannan ta..."

Ya tsaya, hannunsa a sama.

In har ya san Zelinda ta kauce, to akwai abin da yake auna ta da shi. Kuma abin yana nan cikin kunnensa, ɗan guntu, layi ɗaya tak, da dushewarsa da komai. Oreste ya buɗe baki zai yi magana, Ermete ya ɗaga masa tafi. Bai motsa kai ba, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Can sai muka ga fuskarsa ta sake, abin ya fara sulalewa.

Ya lalubo hannun Zelinda ya riƙe gam.

"Ci gaba," ya ce. "Don girman Allah, Zelinda, sake ɓatawa."