Gas Ɗin Kano, Gas Ɗin Riyad

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina neman abinci a Riyad, mafi yawansu sun fice mini daga kai. Amma maganar man kwalekwale ba za ta taɓa fita ba, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta tiryan-tiryan.

Na san za a ce kwalekwale kuma a Riyad, garin da ko kogi babu? Ni ma haka na ce ranar da kafilina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya faɗa mini aikin da zan yi. Ashe wani wurin shaƙatawa ne a bayan gari, can gaba da Al-Badi'a, inda aka haƙa doguwar ƙorama aka yi mata daɓen siminti, aka zuba ƙananan jirage shida masu inji suna zagayawa da iyalai. Ni ɗan Damagaram, wanda ya koyi gyaran injin ban-ruwa a gida, ni aka damƙa wa injinan. In suka tashi lafiya ba mai tunawa da ni, in ɗaya ya yi tari ni za a fara kira.

Mudir ɗinmu, wato manajan wurin, Balarabe ne mai tsananin ƙa'ida, kuma ba abin da ya fi damunsa kamar fatura. Duk man da aka sayo sai an kawo rasit mai ɗauke da sunan kamfani da lambar harajinsa, da layin da ya nuna nawa ne kuɗin mai, nawa ne haraji. Ya yi mana bayani ya fi sau goma. Man jiragen da ke ɗaukar masu biya na sana'a ne, kamfani yana iya neman a mayar masa da harajinsa. Man da mai wurin ke zubawa a janaretan gidansa kuwa na kansa ne, ba a haɗa su a takarda ɗaya. Yakan ɗaga yatsa ya ce hukuma ba ta wasa da wannan. Tsoron da ya dasa mini kenan har na koma ba na ganin komai a jikin fatura sai layin haraji.

A farkon sanyin wata shekara aka kawo mana sabon direba, wani dattijo Bakano. Ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa iyalin wani ma'aikaci a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, da aka mayar da maigidan nasa gida sai dattijon ya sha wuya kafin ya samu aka maido da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, hannun kafilinmu. Kowa ya san tsakanin Bakano da Badamagare, tun ranar farko muka buɗe wasa. Ba ya kirana da komai sai "baƙauyen Damagaram", ni kuma in ce masa "Baba mai wayon Kurmi". Tare muke cin abincin rana a tire ɗaya, yana fito da yajinsa daga aljihu yana cewa bai kamata a ɓata shi a bakin da bai san daɗi ba.

Ranar da aka fara aikensa sayen mai, ni na ɗora masa durom biyu a bayan a-kori-kura, na ba shi katin kamfani da takardar izini. Na ce ya ciko su da gazuwal.

Ya dube ni ya yi dariya. "Gazuwal kuma? Ku dai Faransa ta gama da ku. Gas kake nufi?"

"To, gas ɗin, Baba. Ka dai karɓo fatura."

Ya dawo da durom biyu cike, har da ƙarin jarka guda. Nan zuciyata ta fara ɗar-ɗar, don kuɗin da ake sa wa a katin na san iyakarsu, durom biyu suke cikawa da ƙyar. Na tambaye shi jarkar fa, ya ce albarkar Kanawa ce. Da na zo juyewa a babban tankinmu, wanda ke da sauran rabi, sai na ga man ya fi wanda na saba gani haske, kamar an sirka shi. A lokacin mura ta toshe mini hanci, ko turare aka kara mini ba zan ji ba. Na ninke faturar na kai ofis, amma na ɗauki hotonta a waya.

Daga ranar na zama ɗan sandan kaina. Na tuna wani Basudane ya taɓa gaya mini cewa a wasu ƙasashe man da ba a biya wa haraji ba launinsa daban ne, don a gane shi. Na kuma sha jin direbobi suna cewa jakadu ba sa biyan haraji kamar sauran mutane. Sai na haɗa biyu da biyu na samu goma. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya a cikin jakadu, ya kawo mai mai arha, mai wani launi, me ya rage? Na yanke cewa yana da wani tsohon aboki da ke fitar masa da man da ba haraji, su samo fatura ta bogi, su raba abin da ya hau. Ko waya ya ɗauka ya koma gefe yana Turanci, sai in ce ga shi nan suna ƙullawa. Ranar da ya zo da sabon takalmi kuwa sai na ce ga ribar ta fara fitowa. Yanzu in na tuna kunya nake ji, don takalmin ɗansa ne ya aiko masa.

Abin da ya fi muni, ban daina cin abinci da shi ba. Ina dangwalar yajinsa ina ƙirga laifinsa. Sau biyu na buɗe baki zan tambaye shi, sai in ce ai ɓarawo ba ya cewa shi ne.

Bayan mako guda ya sake sayowa, da jarkarsa ta albarka. Wannan karon tankin ya kusa ƙarewa, don haka kusan zallan man nasa injinan suka sha. Kwana biyu suna wata irin ƙara da ban san su da ita ba, ƙarfinsu ya ragu. Ranar Juma'a bayan la'asar, wuri ya cika maƙil, jirgi na uku ya mutu a tsakiyar ruwa da wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu. Da igiya muka jawo su, mutumin yana ta faɗa yana ɗaukar mu a waya. Kafin magariba na biyar ma ya bi sahu. Na buɗe na ga famfon da ke tura mai ya ci kansa.

Mudir ya kira ni ofis, ya ce injina amanata ce, in faɗa masa abin da ya faru ko in haɗa kayana. Tsoro ya kama ni, gaskiya. Sai na zazzage masa duk abin da na tara, da guntun Larabcina: launin mai, ƙarin jarka, jakadu, har da takalmi. Da ya ji kalmar haraji sai fuskarsa ta canja. Ya sa aka kira dattijon, ya ce masa in ta tabbata ya shigo wa kamfani da man da ba a biya wa haraji ba, ba kora kaɗai ba, fita ta ƙarshe daga ƙasar za a buga masa a fasfo. Dattijon bai gane rabin maganar ba, sai ya juyo gare ni ya ce in fassara masa. Ni na kai ƙararsa, ni kuma na fassara masa ita, ina kallon ƙasa.

Bai yi musu ba, bai rantse ba. Cewa ya yi a je gidan man.

Washegari da safe muka tafi mu uku a mota ɗaya. Muna isa ya wuce famfunan gaba, ya zagaya baya inda wani famfo ke tsaye shi kaɗai, mutane biyu suna layi da ƙananan jarkoki. Mai zuba man, wani Bayamale, ya gane shi nan take, har ya yi masa maraba. Mudir ya tambaye shi me yake sayar wa wannan mutumin.

"Gaz," in ji shi. "Ya ce gaz, na ba shi gaz. Har na tambaye shi ko na ɗumama ɗaki ne, ya ce na'am."

Ai kuwa sai komai ya warware mini lokaci guda. A bakin mutanen Saudiyya gaz kananzir ne, wanda ake zubawa a abin ɗumama ɗaki da sanyi. Wanda mu ke nema dizil suke ce masa. Na san haka sarai, na shekara huɗu da sani. Shi kuwa dattijon duk zamansa motar fetur ya tuƙa, a cikin masu Hausa da Turanci, bai taɓa sayen man babbar mota a ƙasar ba. Ya faɗi sunan da ya sani tun Kano, na'am ɗin ma ta ladabi ce, bai ji tambayar ba. Kananzir ya ɗan fi arha, ga asalin jarkar albarka. Na ciro wayata na buɗe hoton faturar da na yi kwanaki ina zuba wa ido. Harajin nan an biya shi cif. A samansa kuma, da baƙaƙe manya, an rubuta kananzir da Larabci. Mudir ma da ya karɓe ta layin haraji kawai ya duba.

A nan tsakar gidan man na gaya wa mudir cewa ni na ce masa gas, da bakina. Ya yi ta faɗa har ya gaji, daga baya ya tuna shi ma ya sa hannu a takardar, sai faɗan ya yi sauƙi. Aka gyara injinan, aka wanke tanki, ba a kori kowa ba.

A hanyar komawa mudir ya sauka a wani shago, muka rage mu biyu. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya amsa yana kallon titi. "Na yafe. Amma kwana tara muna cin tire ɗaya. Da ka tambaye ni da Hausa, da Hausa zan ba ka amsa. Sai ka je ka faɗa da Larabci."

Mun ƙara shekara biyu muna aiki tare kafin ya koma gida don kansa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai daga ranar bai sake ce mini baƙauyen Damagaram ba. Kullum da safe zai tsaya ya ce, "Malam, ina kwana," da cikakken ladabi, ya wuce. Na sha tsokanarsa da Baba mai wayon Kurmi ko zai rama, sai ya yi murmushi kawai. Ban taɓa sanin girmamawa tana ciwo haka ba.

Tun muna yara ake ce mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni nawa ma bai zama ba. Abin da na koya shi ne, in zuciyata ta fara ƙulla wa mutum laifi, in je in tambaye shi tun muna cin abinci tare. Har yau in na shiga gidan mai na ji an ce gas, sai na juya na ce, wanne?