Kwaɗon da Ba Ya Tsalle

Tafin hannunta na fara gani. Ta miƙo shi za ta gaishe ni a zauren gidanmu na Tudun Wadan Zariya, sai na gan shi fari fat kamar an wanke an shanya. Ɗiyar yayana ce, shekararta bakwai, haihuwar Legas, an kawo ta dogon hutu wurin Innarmu. Hausarta ma ba ta gama nuna ba.

A lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya na haya. Duk yarinyar littafi fara ce siririya, don haka na ce tauraruwa ce ta sauka a gidanmu. Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Wusasa da muke kira Mama, ita ta sauko da ni daga gajimare. Ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta ce wannan fari ba na kyau ba ne, jini ne ya yi ƙaranci. Aka kai ta asibiti, aka ba ta magani, aka ce kuma lallai ta riƙa cin ganye. Ita kuwa daga biskit sai shayi. In ta ga kore a kwano, sai ta ture shi gefe da bayan cokali.

Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Ni kuma na daɗe ina mafarkin ranar da zan yi wa wani namiji girkin da zai sa ya manta hanyar gidansu, irin na littafi. Tunda wanin bai zo ba, na tara yaran layinmu su biyar, har da ita, ranar Asabar da hantsi, na shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin zogalen tsakar gida.

Da fate muka fara. Na koya musu tsinke alayyahu da yakuwa, da wanke su a ruwan gishiri, da barin ganye sai tsaki ya nuna kafin a zuba, don Mama ta ce in ya dahu har ya yi baƙi amfaninsa ya tafi. Inna tana daga bakin ɗaki tana tsiya, wai yau ga 'yar boko za ta koya wa jikokin Zage-zagi fate. Ɗiyar tamu ita ta yanka gauta, a karkace dai, kuma da aka sauke sai ta shiga neman yankanta a cikin kwano. A wajen nema ta ci loma bakwai. Ni da Mama muka ƙirga da ido.

A Asabar ta uku na ce musu mako mai zuwa kwaɗo za mu yi, kowa ya shirya daka. Yara suka hau murna. Ita ta tashi ta shige ɗaki. Daga ranar ta daina cin duk abin da hannuna ya taɓa, har faten da ta fara so. Kwana uku ina juyayi, ina laluben laifina, ina ganin ɗan jinin da muka fara tarawa zai koma.

Damina ce lokacin. Ranar Laraba bayan an ɗauke ruwa, na same ta tsugune a bakin rariya da tsintsiya, tana kora kwaɗin da ke kwana gindin randa, tana musu raɗa su gudu kafin Asabar. Da ta gan ni sai ta tare ramin rariyar da ƙafa.

"Anti, da ransa ake daka shi?"

Inna ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta zaunar da ita a cinya, ta ce, "Haba, kishiyata, kwaɗo uku ne a Hausa. Akwai mai tsalle, akwai na kulle ƙofa, akwai na ci. Mu na ƙarshen muka gada." Ta yi ta maimaita mata sauyin muryar, yarinya tana cewa duk ɗaya take ji.

Ranar Asabar sai da ta leƙa turmi sau biyu kafin ta yarda ta ɗaga taɓarya. Ita ta daka ƙuli-ƙuli. Muka turara zogale a madambaci maimakon tafasawa a zubar da ruwan, aka yanka albasa da tumatir, aka matsa lemon tsami, kowa ya sa hannu aka cakuɗa. Ta ɗanɗana da yatsa ɗaya, sannan biyu, sannan ta jawo kwanon gabanta. Kafin hutu ya ƙare Mama ta sake duba idon, ta ce yanzu an fara ganin mutum.

Bayan shekaru jami'a ta dawo da ita Zariya, aure ya ajiye ta a unguwar Kwangila. Yanzu ita ke kula da abincin wata makarantar ƙananan yara, kuma duk Alhamis sai ta sa su sun tsinke ganye da hannunsu. Makon jiya ta zo gaishe ni, ta ci miyata, ta dube ni ta ce mai ya yi yawa, in rage.