Tokar Malam Dallatu

Duk wanda ya yi firamare a Rafin Ƙirya, can arewa da Ɗanbatta, ya san ƙarar usur ɗin Malam Dallatu tun kafin ya san fuskarsa. Malamin lissafi ne, amma ba wanda ya riƙe lissafinsa. Abin da mutane suka riƙe shi ne fitowarsa ranar Asabar cikin kakin sikawut, gajeren wando da doguwar safa, jan ƙyalle ɗaure a wuya, yana tafe yana ƙobarewa kamar shi ya ci garin da yaƙi. Tsofaffin ƙofar masallaci sun yi masa dariya har sun gaji. Matarsa Adama ma cewa take ita dai malami ta aura, ba ta san da soja aka haɗa ta ba. Amma ita ce ke goge kakin nan da dutsen guga na gawayi, kuma ba ta taɓa barin karin wandon ya karkace ba.

Wahalar sikawut a ƙasar nan ɗaya ce, babu daji. Gona ce jingine da gona tun daga bayan gida har inda ido ya tsaya. Dogon hutu kuma a tsakiyar damina yake zuwa, lokacin da ko akuya a ɗaure take. Filin makaranta an gina azuzuwa a rabinsa, sauran malamai sun zuba gyaɗa. Malam Dallatu yana da yara masu ɗoki, yana da tsohon tamfol da buhunan da aka ɗinka suka zama tanti, amma ba shi da inda zai kafa su.

Baba Yaro ne ya fid da shi kunya. Tsohon manomi ne daga unguwar da ke hayin rafi, mutanen da iyayensu suka bi addinin gargajiya, su kuma suka shiga coci. Ɗansa Joel yana cikin yaran Malam, kuma tun da ya shiga sikawut ya daina gudun aike. Wata rana tsohon ya ja Malam har ƙarshen gonarsa, ya nuna masa wani ɗan tudu mai tsakuwa a gindin tsamiya. Su biyu ne kaɗai a wurin.

"Malam, ga shi na ba ka. Kyauta, ba aro ba," in ji Baba Yaro. "Sai dai ka dasa gamba a iyaka, ka sa ko darbejiya ɗaya ce. Ƙasar nan ba ta san maganar baki ba, abin da aka dasa ta sani."

Malam ya yi godiya har da rusunawa, sannan ya ce, "Baba, mu dokarmu ita ce duk inda muka kwana, mu bar shi kamar ba a kwana ba."

Tsohon ya dube shi tun daga safa har hula. "To. Dokar taku dai ba ta san rabon gado ba."

Malam ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne irin na tsofaffi. Wallahi abin da ke ba ni haushi da mutumin kirki ke nan, yana zaton kowa zai tuna da abin da shi ba zai manta ba.

A gindin tsamiyar nan aka yi shekaru masu daɗi. Nan 'ya'yan hayin rafi da 'ya'yan cikin gari suka koyi cin tuwo a kwano ɗaya. Nan suka koyi ƙullin igiya iri-iri, da ɗaure karaya da kara, da haƙa 'yar magudana kewaye da tanti don kada ruwa ya shiga. In lokacin salla ya yi, su Joel su tsare tukunya. Ranar Lahadi kuma Malam da kansa yake raka su har bakin rafi su tafi coci, ya ce wanda ya makara dawowa shi zai wanke kwanuka. An taɓa yin wani ruwa da iska da ya kwashe tantin Malam ya rataye a kan tsamiya, shi kuma Malam ya tsaya cikin ruwan yana busa usur, yara suna ta faɗuwa don dariya. Har yau magidantan da suka yi furfura suna ba da labarin.

Amma ranar tashi ba wasa. Sai an cire kowane turke an cike raminsa, an mai da magudana yadda take, an watsar da duwatsun murhu. Tokar kuwa, da gawayi da ƙashi da ɓawon gyaɗa, rami ake haƙa musu nan inda aka yi girki, a binne, a daddale, a share da reshe. Malam ya bi filin yana duba ƙasa kamar wanda ya yar da allura. In ya ga ko tsinken ashana, kowa ya koma. Baba Yaro yakan leƙo daga cikin dawarsa ya ce, "Malam, gambar fa?" Shi kuma ya ce, "Ai muna nan, Baba." Haka suka yi ta yi har Joel ya yi aure, har 'ya'yansa suka ɗaura jan ƙyalle.

Da Baba Yaro ya rasu, Malam ya je gaisuwa cikin kaki, yaransa a jere a bayansa, ya yi kuka irin wanda babba ba ya yi a gaban yara. Bayan an share makoki aka zo rabon gona. Magada da yawa, gonar kuwa ba ta ƙaru ba. Yayyen Joel ba mugayen mutane ba ne, bakuna ne da su a gida. Suka ce tudun tsamiya aro ne, kuma wanda ya ba da aron ya tafi.

Dagaci ya taka da ƙafarsa har wurin, dattawa na biye. Ba wanda ya musa cewa sikawut sun daɗe suna kwana a nan. Abin da ake so a sani, kyauta ce ko aro? A al'adar ƙasar kuwa amsar a fili take: wanda aka ba kyauta yakan dasa itace ya ja iyaka, ɗan aro ne ba ya dasa komai.

"Malam Dallatu, ina abin da ka dasa?" in ji dagaci.

Malam ya ce bai dasa komai ba.

"To ina iyaka? Ko turke? Ko murhu ma, mu gani?"

Malam ya dubi filin. Fes yake, kamar ɗan Adam bai taɓa taka shi ba. Aikinsa ne, kuma bai taɓa yin aikin da ya yi kyau kamarsa ba. Joel ya ce shi dai ya sha jin babansu yana tambayar gamba, amma bai ji lokacin da aka ce kyauta ba, kuma ba zai faɗi abin da bai ji ba. Malam ya ɗaga kai ya dube shi, domin shi ne ya koya masa hakan. Dagaci ya ce aro ne. Da aka yi rabo, tudun ya faɗa a kason Joel, shi da ƙannensa mata.

Daga nan abin ya fara zubewa a hankali. An gwada fareti a kan hanya, masu babur suka hana. An gwada kwana a cikin aji, amma yaron da ya kwana a ajinsu ai bai je ko'ina ba. Yara suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya yi ritaya, ba a sami malamin da ya karɓi usur ba. Wata Asabar Adama ta hura gawayi za ta yi guga, ya ce mata ta bari. Ta naɗe kakin ta sa a ƙasan akwati, ta fita tsakar gida ta daɗe ba ta dawo ba. Baƙin cikinsa ba na ƙasar ba ne. Abin da ke cinsa shi ne tsoho ya ba yaran garin abu, shi kuma ya kasa riƙe musu.

Joel ya ƙi taɓa tudun har damina biyu, sannan yunwa ta fi kunya ƙarfi, ya yi huɗa ya shuka gero. Ana cikin damina sai ga shi a ƙofar gidan Malam da hantsi, ya ce don Allah ya zo ya ga wani abu.

Geron tudun duk ya tsumbure, ja-ja, kamar yadda aka sani a ƙasa mai tsakuwa. Amma a gefen tsamiya, inda ake kafa murhu, wani gero ne ya tashi baƙi ƙirin don kore, ya fi mutum tsawo, ya yi da'ira kamar an zana da igiya.

"Tokarmu ce, Malam," in ji Joel. "Da dagaci ya ga wannan a lokacin..."

Bai ƙarasa ba. Su duka sun san ihu ne bayan hari. Malam Dallatu ya durƙusa da ƙyar, ya tona gindin geron da yatsunsa, ya ɗebo ƙasa. Baƙa ce, ga gutsattsarin gawayi a ciki. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe ba mu share da kyau ba," in ji shi.

Sannan ya mai da ƙasar cikin ramin, ya daddale ta da tafin hannu, ya shafe wurin har ba a gane an tona ba. Joel ya kama shi ya miƙe, suka bi ta tsakanin kunyoyin geron suka fito hanya.