Bakar da Ba a Rufe Ba

Tafireta ake ce masa, don da ita ya fara buga wa mutane takardu kafin ya koma kwamfuta. Shagonsa ɗan tsukuku ne, tebur ɗaya da fanka mai kuka. Mutum ne mai taurin kai. Manhajar da yake rubutu da ita, shi ya gyara abarsa yadda yake so. In yana son ƙarin wani aiki a cikinta, ba ya yarda ta ɗauko da kanta. Da hannunsa zai kwafo fakitin da ke ɗauke da ƙarin aikin, ya zuba a folda, ya buɗe fayil ɗin saiti ya rubuta layin da ke nuna inda foldar take, sannan layin da ke kiran fakitin da sunansa.

Sai ido ya fara tafiya. Likita bai ɓoye masa ba: saura kaɗan ya daina gani. Shagon nan kuwa shi ke ci da gidan. Wani abokin sana'a ya kawo masa fakiti a filash, mai karanta duk abin da aka buga da murya. In ya yi aiki, ko babu ido zai ci gaba da sana'arsa.

Ya zuba, ya rubuta layukan, ya sake kunnawa. Shiru. Ya ƙara girman haruffa don ya gano kuskuren, har kalma ɗaya ta cika allon, duk da haka hazo yake gani. Tsoro ya kama shi sosai.

A haka matarsa ta same shi, ta kawo abincin rana. Tela ce, ba ta taɓa taɓa na'urar ba.

"Uwar yara, zauna ki ara mini idonki," in ji shi. "Kin ga wasu alamu a layin, masu lanƙwasa kamar baka? Duk wadda ta buɗe, dole a samu mai rufe ta."

"Kamar maɓalli da gidansa ke nan."

"Haka fa."

Ta bi layin da yatsa, tana motsa leɓe. Can ta tsaya. "Malam, wannan ta ƙarshen ba ta da gida."

Ya lalubo madannin ya rufe bakar, ya sake kunnawa. Ya buga kalma, sai ga wata murya ta faɗe ta, da Hausar baƙo kamar mai mura. Matar ta yi dariya har da share hawaye. Shi bai yi ba.

"Kashe mini allon," ya ce. "Gara in fara sabawa."

Ta danna, allon ya yi baƙi. Ya zauna yatsunsa a kan madannai, fuskarsa na kallon allon, yana jira.

"Uwar yara, kashe mana."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kai hannu ta ƙwanƙwasa gefen allon da farce don ya ji.

"To, Malam, na kashe."