Shayin da Ya Daina Tashi Sama

A da, a babban birnin Malayawa, in ka sauka a tashar KL Sentral ka gangara unguwar Brickfields da hantsi, kafin ka ga shagon mamak ɗin nan shayinsa za ka fara hangowa a sama. Yanzu sai dai ka zauna a kawo maka kofi, ba ka san hannun da ya haɗa ba.

Mai jan shayin wani dattijo ne Musulmi daga kudancin Indiya, irin waɗanda ake kira mamak a nan, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Gwangwani biyu yake riƙewa, ɗaya sama da kansa, ɗaya wajen gwiwa, shayin ya miƙe tsakaninsu kamar igiya. Na ga masu ataya a Yamai da Dakar suna ɗaga buta don kumfa, na ga masu shayinmu na Kano suna fifita shi daga kofi zuwa kofi, amma ban taɓa ganin mai rawa da shi irin wannan ba. Kallonsa ke cika shagon. Shi ya sa mai shagon ya riƙe shi duk da tsufansa, izinin zamansa a ƙasar kuwa da aikin yake ɗaure.

"Tuan Haji," wato Alhaji, yakan ce mini da tsohon Turancinsa, "shayin da ba pep, ai ruwan wanke-wanke ne."

Kalmar na san ta tun ina karatu a Ingila. Sunan barkono ne a Turanci, Amurkawa suka datse shi suka mai da shi sunan kuzari. Ɗalibanmu 'yan Najeriya jinja suke cewa, wato citta. Duk dai a kicin aka samo. Malayawa na cewa semangat, a wurinsu kuma abu ne da kan iya tashi ya bar mutum in ya firgita. Mu karsashi muke cewa. Ban taɓa tambayar kaina daga ina yake zuwar wa mutum ba sai da annoba ta sauka.

Aka kafa dokar kulle. Kujeru a kife kan tebura, jan tef a ƙasa, ba zama sai tapau, a ƙulla maka a leda ka tafi. Gidanmu ba nisa, sai na taka. Na tarar da shi yana zuba shayin a ƙasa-ƙasa, gwangwani na kusan taɓa gwangwani.

"Mamak, yau ina pep ɗin?"

"Wa zai gani, Tuan Haji? 'Yan babur ɗin kai saƙo? Wayarsu suke kallo." Ya waiga, ya rage murya. "Maigida ya ce wannan aikin cokali ma zai yi."

Tun daga ranar na mai da kaina ɗan kallo. Duk safiyar da doka ta bari, ina bayan jan tef ɗin da takunkumina. Matata ba ta ga dalili ba.

"Malam, da girmanka da ciwon sukarinka, kullum sai ka je sayen shayin da ba za ka sha ba? Firij ya cika da leda!"

"Hajiya, ba shayin nake saye ba."

"Kallo ne? To zo ka kalle ni ina tuƙa tuwo, ni kyauta ne."

A shagon kuma tsokana ce aikina. "Jikana ma ya fi ka ɗagawa lah!" nakan ce, har da "lah" ɗin da suke liƙa wa ƙarshen magana.

"Boleh, na yarda, kawo jikan mu gani, in bai ƙone ba."

Sai ya ɗaga zuwa kafaɗa. Wata rana har ya wuce kai, idanunsa suka yi dariya a saman takunkumi. Na yi tafi, tafin ya yi amo a shagon da ba kowa, har na ji kunya. Ni ma a gajiye nake. Wani lokaci hawa benen gida ma sai na huta a tsakiya, ba don ciwo ba, don dai ba abin yi wa sauri. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Daga baya cutar ta kama shi, aka killace shi. Da ya dawo rigarsa ta yi masa yawa, numfashi guntu-guntu. Yana ganina ya ɗauki gwangwanayen, ban ko tsokane shi ba. Ya ɗaga, shayin ya kauce, ya zube masa a ƙafa. Mai shagon na zaune a teburinsa yana kallo.

"Yau ƙasa ma ta samu nata," in ji shi.

Na yi dariya, don ita yake nema a wurina.

Ba a jima ba ya gaya mini an sama masa jirgin komawa gida. Ledar ƙarshe kam, da cokali ya gauraya ta, a gabana, bai ɓoye ba. Wannan kam na shanye ta a hanya, da sukarinta da komai.

An buɗe gari, kujeru sun sauko, shagon ya sake cika. A can ciki ake haɗa shayin yanzu, bayan labule, ba a ƙara ɗaga shi ba. Ni kuma na daina fita da hantsi.